Ƙarar Sarƙar Taimin da Abin da Wata Corolla Ta Koya Mini

Ina cikin shekarata ta huɗu a gareji a Kano wani Alhaji ya kawo mana Toyota Corolla ƙirar 2005, mai injin 1ZZ-FE mai lita 1.8, yana kukan cewa duk safiya idan ya tayar da ita sai ya ji wata ƙara daga ɓangaren da fambel yake, kamar ana jan sarƙa a bakin kwano, ta yi daƙiƙa biyu ko uku sannan ta ɗauke. A lokacin maigidana ya fara sakar mini aikin inji ni kaɗai, kuma ranar ya tafi Kaduna gaisuwar rasuwa. Motar ta iso da hantsi, injin da zafinsa, na tayar da ita har sau uku ban ji komai ba. Duk da haka na dubi mai motar na ce, “Ranka ya daɗe, taimin cen ce ta saki, sai an canza ta.” Ya tambayi kuɗin, na faɗa, ya ƙirga ya ba ni bai ko taya ba, saboda ya daɗe da amincewa da garejinmu.

Sarƙar taimin, wato taimin cen, ita ce ke haɗa karanshaf, sandar da fistin ke juyawa a ƙasa, da kamshaf, sandar da ke buɗe bawul a sama, ta yadda idan karanshaf ya juya sau biyu kamshaf zai juya sau ɗaya, bawul-bawul su buɗe su rufe daidai lokacin da fistin ke hawa da sauka. A irin wannan injin, fistin da bawul wuri ɗaya suke shiga, lokaci ne kawai ya raba su, don haka idan sarƙar ta tsallake haƙora da yawa sai su yi karo, bawul su lanƙwashe, aikin da zai tsaya a gefen inji ya koma na sauke tof silinda. Abin da na sani a baki amma bai zauna mini a kai ba shi ne, sarƙar ba ta ɗaure kanta. Wata ’yar na’ura mai suna tenshina ce ke tura gaida, wato majinginar da sarƙar ke bi ta jikinta, ta matse ta, ita kuwa tenshina, ban da ɗan sifirin da haƙoran riƙo da ke cikinta, da ƙarfin baƙin mai take aiki. Haka ma giyar VVT-i da ke kan kamshaf ɗin shan iska, wadda ke sauya lokacin buɗewar bawul: mai ne ke cika ta, kuma tana da wani ɗan fil da ke kulle ta kafin man ya iso. Ke nan akwai abubuwa da dama a wannan gefen da za su iya yin ƙara iri ɗaya idan mai ya makara.

Na je kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo cikakken saiti mai kyau, sarƙa da gaida biyu da tenshina, na yi aikin da dukkan kulawar da na iya. Na kawo fistin na ɗaya sama, na daidaita mahaɗan sarƙar masu launi da alamomin da ke jikin giyoyi, na rufe, na saki ƙugiyar tenshina ta hanyar mayar da karanshaf baya kaɗan, sannan na juya injin da hannu zagaye biyu domin in tabbatar babu abin da ke tokarewa. Amma akwai abubuwa biyu da idona ya gani na kau da kai. Da na shimfiɗa tsohuwar sarƙar kusa da sabuwar a kan kwali, da ƙyar ake ganin bambancin tsawonsu, tsofaffin gaidar ma shatin da sarƙa ta yi musu bai yi zurfi ba. Sannan da na ɗaga murfin saman inji na tarar da wani baƙin dasƙararren datti kamar kwalta ya lulluɓe ko’ina. Na goge wanda hannuna ya kai da tsumma da fetur, na mayar da murfin. Zuciyata ta raya mini cewa da sauran magana, amma na riga na karɓi kuɗi, na riga na faɗi cuta, sai na ga komawa baya ya yi mini nauyi.

Bayan kwana takwas Alhaji ya dawo, ya tarar da maigidana a zaune. Bai ɗaga murya ba, ya ce kawai, “Malam, ƙarar nan tana nan yadda take.” Maigidana ya ba shi haƙuri, ya roƙe shi ya bar motar ta kwana, ya kuma ce kada wanda ya taɓa makullinta. Ni ma bai ce mini komai ba sai, “Gobe ka zo bayan sallar asuba.”

Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari, ƙarfe ma idan ka taɓa sai ka ji sanyinsa har cikin ƙashi. Kafin a tayar da motar ya sa na cire fambel, domin altaneta da famfon ruwa da tenshinar bel duk su fita daga lissafi, tunda su ma idan boris ɗinsu ya ci sukan yi kukan da ke rikitar da mai saurare, kuma tayarwar da ba ta kai minti ɗaya ba ba za ta cutar da inji mai sanyi ba. Ya ɗauko doguwar sukundireba ya kafa bakinta a jikin murfin taimin, ya ɗora kunnensa a kan mariƙin, ya ce in shiga in tayar, amma idona ya tsaya a kan fitilar mai. Na murɗa makulli, injin ya tashi, ƙarar ta cika garejin, jar fitilar kuwa ba ta mutu ba. Na ƙirga ɗaya, biyu, uku, ta mutu, kuma a daidai wannan lokacin ƙarar ta ɗauke kamar an yanke ta da wuƙa. Ya zagayo ta taga ya ce, “Me ka gani?” Na faɗa masa. Ya ce, “To, da ka buɗe saman injin nan ranar, me ka tarar?” Na ce datti. Ya ce, “Wanda ka gani a sama, ka tambayi kanka ina ɗan’uwansa na ƙasa yake?”

Muka tsiyaye man, ya fito da kauri, bai kuma kai rabin abin da ya kamata ba. Da muka sauke kwanon mai na ƙasa, sai ga rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta ta toshe fiye da rabi, har sai da na sa farce na kankare kafin ramukanta su bayyana. Filtar da ke jikin motar kuma irin mai arha ce, robar da ke hana mai komawa ƙasa idan mota ta kwana ta bushe ta sandare, saboda haka kowace safiya sai famfo ya sake cika hanyoyin tun daga farko, ta toshasshiyar rariya, da mai mai kauri, a cikin sanyi. Da aka tambayi direban Alhaji, ya ce man awo yake ƙarawa a bakin hanya idan ya ga ya yi ƙasa, juye kuwa sai an tuna, kuma 20W-50 mai kauri ake zubawa, alhali a kan murfin man motar 5W-30 mara kauri aka rubuta. Muka wanke kwanon da rariyar, muka ciro ’yar ƙaramar rariyar da ke tace man da ke zuwa giyar VVT-i muka wanke, muka sa filta mai kyau da man da ya dace, maigidana ya ɗaura agogon awo ya duba ƙarfin mai da injin ya yi zafi. Motar ta sake kwana. Da safe fitilar ta mutu nan take, ba a ji komai ba sai tafiyar inji.

Abin da ya fi yi mini wuya ya zo bayan haka. Maigidana ya ce ni zan yi wa Alhaji bayani da bakina, in nuna masa tsohuwar sarƙarsa, in gaya masa cewa ba ita ce ke da laifi ba, in kuma mayar masa da kuɗin aikin hannu na farko. Na yi hakan murya na rawa. Alhaji ya juya sarƙar a hannunsa ya ce, “Allah ya yi maka albarka da ka faɗi gaskiya,” kuma har yau ni nake duba motocin gidansa.

Wannan ba ya nufin sarƙa ba ta lalacewa. Na sha cin karo da wadda ta miƙe da gaske: ƙararta ba ta tsayawa a safiya, ana jin ta ko injin ya yi zafi, tenshina ta fito har ƙarshenta, motar tana wuyar tashi, kwamfuta kuma takan nuna P0016, wato karanshaf da kamshaf sun daina tafiya tare. A irin wannan ba na yarda in sa sarƙa kaɗai, domin sabuwar sarƙa a kan giyoyi masu cinyayyun haƙora ba ta daɗewa, kuma idan gaida ta karye sai na sauke kwanon mai na nemo ɓaraguzanta, tunda rariya za su je su toshe. Na kuma ga Honda Accord ƙirar 2008 mai injin K24 tana gurnani na ɗan lokaci da safe, mai lafiya lau, sarƙa lafiya lau, ashe fil ɗin giyar VTC, wato takwarar VVT-i a Honda, ne ya daina kamawa. Abin da ke ɓata mini rai shi ne dabarar da wasu abokan sana’a ke yi ta ɗura mai mai kauri ko cusa wa tenshina wani abu domin ƙara ta yi shiru har mai mota ya bar gareji. Wannan cin amana ne, saboda mutumin zai ɗauki iyalinsa ya kama hanyar Zariya ko Katsina yana zaton an gyara masa mota.

Yanzu ina da nawa garejin da yara uku masu koyo. A makon jiya wata malamar makaranta ta kawo motarta da irin wannan kukan, tana sauri, tana so a faɗa mata kuɗi nan take. Babban yarona har ya buɗe baki zai ce sarƙa ce, na ɗaga masa hannu. Na ce, “Hajiya, ki yi haƙuri ki bar mana ita ta kwana, gobe da ƙarfe takwas zan kira ki in gaya miki abin da na ji.” Ta yi ɗan jim, sannan ta miƙo makullin. Na sa shi a aljihuna, na gaya wa yaron ya zo bayan asuba, ya kuma taho da doguwar sukundireba.