Wasiƙa daga Ingila: masu turo mini hoton takardar awon zuciya

Assalamu alaikum, 'yan uwa na gida. Muna nan lafiya, sai sanyi, zan zo kansa.

Tun da aka ji ina aiki a sashen awon zuciya na wani asibiti a nan, da wuya mako ya wuce ba a turo mini hoton takardar isiji, wato takardar awon bugun zuciya, a WhatsApp ba: "Yaya, duba mana, an ce akwai matsala." Hoton a karkace, rabi a inuwa, ɗan yatsa ya rufe gefe. Jama'a, ƙananan gidajen da ke jikin takardar nan ƙirga su ake yi, kowane ɗaya daƙiƙa 0.04 ne. Idan ana zargin ciwon gado na doguwar tazarar QT, wato zuciya tana jinkirin shiryawa bayan kowane bugu, da hannu muke aunawa, mu daidaita lissafin da saurin bugun. In tazarar ta kai daƙiƙa 0.48 a awo fiye da ɗaya, hankali ya tashi. Gida ɗaya ko biyu ne tsakanin "tafi abinka" da "zauna mu yi magana". Ta yaya zan ƙirga su a hoton da ya dushe? Ko hukuncin da na'ura ke bugawa a saman takardar ba mu cika yarda da shi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na zo, likita ya fi daɗewa yana tambayar dangi a kan kallon takarda. Wa ya kwanta lafiya bai tashi ba kafin shekara 40? Wa ruwa ya ci alhali ya iya iyo? Wa ke suma in ya firgita, ana ce masa mai farfaɗiya? Mu a gida sai mu ce kwana ya ƙare. Gaskiya ne, amma a faɗa wa likita, domin galibi in uwa ko uba na da wannan ciwon, kowane ɗa rabi da rabi ne ya gada.

Akwai kuma ciwon Brugada, shi ma ciwon zuciya ne na gado, wanda wasu likitoci wa da ƙani 'yan Sifaniya suka bayyana a 1992. Alamarsa ɓuya take yi: takardar yau fes, ta gobe da ita, kuma zazzaɓi na fito da ita. Wani lokaci sai an yi wa mutum allura ta musamman a gaban likitoci kafin ta bayyana. Nan nake tuna mu da zazzaɓin cizon sauro, da shiga kemis a sayi magani kai tsaye, alhali kinin da kulorokwin suna tsawaita QT. Wanda aka taɓa irin wannan rasuwa a gidansu, ya ambata kafin ya sha.

Sanyin kuwa, a Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Zancen biza sai wasiƙa ta gaba. Mai tahowa ya riƙo mini kuka da yaji.

Ɗan'uwanku a Ingila.