Tsalle Ɗaya Ya Kasa Yi

An fito da Auta daga ɗakin tiyata da la'asar, alhamdulillahi. 'Yan ƙananan huji uku ne a cikinsa, kowanne da filasta. Farkawarsa ke da wuya ya tambaya ko yayansa ya taɓa masa ƙwallo, har nas ɗin ta yi dariya.

Ni ce dai na kasa sakewa.

Jiya da safe ya ce cibiyarsa na ciwo. Na ce jarrabawar lissafi ce ke murɗa masa ciki, ya ɗauki jaka ya wuce. Ya dawo bai taɓa abincinsa ba. Da dare ya yi amai, jiki da ɗan ɗumi. Sai da asuba na gan shi yana tafiya a duƙe, hannu dafe da mara ta dama, sannan gabana ya faɗi.

Likitar cewa ta yi, "Yaro, yi mini tsalle ɗaya." Ya ɗaga ƙafa ya fasa, hawaye shar. Ta kwantar da shi, ta danna tsakanin cibiya da ƙashin ƙugu na dama, ta cire hannu da sauri. Ihun cirewar ya fi na dannawar. Ta ce haka ciwon afendis yake, wato kumburin wata 'yar wutsiyar hanji, ya faro daga cibiya, cikin awa 12 zuwa 24 ya gangara dama. Gwajin jini ya nuna fararen ƙwayoyi sun hau, hoton ciki ya nuna kumburin.

Na ce, "Likita, ai a mota ya ce ya ji sauƙi."

Ta dube ni ta ce, "Maman Auta, irin wannan sauƙin nake tsoro. Wani lokaci sai abin ya fashe ciwon ke lafawa, kafin ƙazanta ta bazu a ciki." Nasa bai fashe ba. Na tambaya ko allurai ba za su wadatar ba. Ta ce akan gwada su idan bai fashe ba, amma yakan dawo wa wasu, nasa kuma wani ɗan busasshen kashi ne ya toshe bakin, aiki ya fi.

Wai ma na Auta da sauƙin ganewa, tunda ciwon ya fi kama 'yan shekara 10 zuwa 30, masu iya faɗin inda ke musu ciwo. Ɗan ƙasa da shekara 5 kuka kawai zai yi, sau da yawa sai ya fashe ake kawo shi. Mai juna biyu ciwonta kan haura sama. Tsoho kuwa ko zazzaɓi ba lallai ya yi ba. Nan take Inna ta faɗo mini a rai, da "ba komai, cikina ne ba daɗi" ɗinta. Na kira ta sau biyu.

Abbansu na waje yana amsa waya. Ruwa na ɗiga a hankali.

Da zan gyara masa bargo ya buɗe ido ya ce, "Umma, kin ga ba ƙarya na yi ba."

Na ce na gani.