Wasiƙa daga Antwerp: maganar gem ɗin da da na yanzu

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, da fatan kowa yana lafiya, ya aiki ya haƙuri da rayuwa. Mu nan Beljiyam sai godiya, sanyi dai ya sako kai.

Akwai gardamar da ta ƙi ƙarewa tsakanin sa'o'inmu da muka taso a gidan gem, kullum zancen ɗaya ne, wai gem ɗin yanzu na ragwaye ne, an sauƙaƙa komai, yaro ya danna maɓalli biyu a ce masa ya gama. Ni dai na yarda an yi ɓarna, amma wallahi ba inda ke ƙaiƙayi ake sosawa ba.

Cewa na da sun fi wuya, wannan ba musu. Duk wanda ya buga Contra ya sani, rai uku za a ba ka, harsashi ɗaya ya taɓa ka ka tafi, shi ya sa yara suka haddace danna maɓallan sama sama ƙasa ƙasa hagu dama hagu dama B A don su samu rai 30. Super Mario Bros na 1985 ba a yin sebin, wato ajiye inda ka tsaya, ka kai duniya ta 8 hannunka na gumi NEPA su ɗauke wuta, shikenan sai farko. To amma me ya sa aka yi su haka? Kuɗi ne fa. Contra kansa a 1987 injin akwati ne da ake saka wa kwabbai, in ka daɗe ba ka mutu ba mai injin ya yi asara, dole a kashe ka da wuri ka sake saka wani. Na gida kuma kaset ɗin ƙarami ne, Mario gaba ɗayansa kilobait 40 ne, bai kai hoto ɗaya da kake turawa a WhatsApp ba, to in ba a tsananta shi ba da yamma ɗaya ka cinye shi ka ce an cuce ka. A Amurka har da matsalar shagunan haya, masu gem ɗin Lion King na 1994 sun faɗa da bakinsu cewa da gangan aka tsananta mataki na biyu, na birai ɗin nan, don kar mai haya ya yi nisa ya fasa saya.

Kuma masu cewa yanzu babu mai wuya, don Allah a miƙa musu hannun gem su gwada Sekiro na 2019 ko Elden Ring na 2022, a Elden Ring akwai wata bos, wato babbar abokiyar gaba, mai suna Malenia da manya masu gemu ke kwana a kanta, kuma gem ɗin ya sayu miliyoyi, wato har gobe mutane na son wahala in ta gaskiya ce. Ko PUBG da ƙannenmu ke bugawa a waya, mutum 100 ake zubawa a tsibiri ɗaya kuma yawanci mutane ne masu rai da wayo, ba kwamfuta mai bin hanya ɗaya da za ka haddace ba. Sauƙin da aka ƙara kuwa ni ina maraba da shi. Mai iyali da ya dawo aiki a gajiye yana da minti talatin kacal, sebin ne ke ba shi damar ci gaba gobe. The Last of Us Part II na 2020 ya zo da saiti sama da 60 saboda masu lalura, har makafi sun buga shi zuwa ƙarshe da taimakon sauti, wa zai kalli wannan ya ce lalacewa ce?

Abin da ke ci min rai daban ne. A gidan gem na da, lokacin PlayStation da Winning Eleven, mu cika ɗaki kan benci ɗaya, inji na ƙara a waje, wanda aka ci ya biya ya tashi. Ɗan alhaji da yaron makanike Brazil ɗaya suke ɗauka, kowa ya ja Roberto Carlos ya kai shi gaba saboda gudu da ƙarfin ƙafa, daga nan kuma sai abin da yatsunka suka iya, kuɗin babanka ba ya saka ƙwallo a raga. Yanzu fa? Tun da kamfanin EA suka kawo Ultimate Team, inda kake haɗa ƙungiyarka da kanka, a gem ɗin ƙwallo na FIFA 09, sai ka sayi fakitin 'yan wasa da kuɗinka ba tare da ka san wa ke ciki ba, ka buɗe ka ga tarkacen 'yan wasa, ka sake saya, wanda ya fi zuba kuɗi ya shigo fili da zaratan da kai sai ka yi watanni kana fama kafin ka samu ɗaya. Candy Crush na 2012 da iyayenmu mata ke so, rai biyar ne, in sun ƙare ka jira rabin awa kan kowane ɗaya ko ka biya. Kun ga wahalar tana nan ba ta je ko'ina ba, yanzu dai sayar da maganinta ake yi, kamar mutum ya haƙa rami a titi da dare, da safe ya tsaya da shebur yana karɓar na cikewa. Injin kwabban da ma ya fi adalci, ka san nawa ka saka kuma in ka iya kwabo ɗaya zai kai ka nesa.

Nan inda nake ba su ɗauki abin da wasa ba. A watan Afrilu 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce akwatunan sa'a irin fakitin nan da ake saya da kuɗi caca ce, ta ambaci FIFA 18 da Overwatch da Counter-Strike. EA sun ja da farko, amma a Janairu 2019 suka daina sayar da FIFA Points, kuɗin cikin gem da ake sayen fakitin da su, a ƙasar, Nintendo ma suka janye gem biyu na waya a shekarar. Ba wai an gama da abin ba, gem ɗin waya da yawa na ci gaba da yi, amma aƙalla an kira shi da sunansa. Turawan da caca halal ce a dokarsu suka ce wannan bai dace da yara ba, mu da addininmu ya haramta ta fa, mun miƙa wa yara waya mun juya baya, gem ɗin kyauta ne a sauke, eFootball da Free Fire duk kyauta, sai an shiga a tarar da shago a ciki, ga naira yadda take ga kuɗin data.

Don haka iyaye da yayye, don Allah ku karɓi wayar yaran nan ku zauna kusa da su ku ga me suke bugawa. In akwai katin banki a jikin Play Store ku cire, ko ku saita sai an saka lambar sirri kafin kowane saye, minti biyu ne. In da hali a samo musu wanda ake saya sau ɗaya a gama, ko PS2 na hannu da hannun gem biyu, su kira abokansu.

A gaida kowa da kowa, a saka mu a addu'a.

Naku, daga Antwerp.