Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Baki Ne Maigida, Kiɗa Baransa

Makon jiya na yi alkawarin shiga zancen komawarmu Sabon Gari, to a yi mini haƙuri, wannan zai jira. Maganar kiɗan coci ce ta hana ni sakat, domin har yau ana ja-in-ja a kanta, kuma yawancin masu ɗaga murya ba su taɓa tsayawa gaban kwaya a Misa, wato babbar ibadarmu ta Katolika, da ƙarfe shida na safe cikin hunturu ba. Baba Katikis, Allah ya ba shi hutawa, shi ya ɗora ni a kan wannan aiki, kuma magana ɗaya yake nanatawa har muka gaji da ji: baki ne maigida, kiɗa baransa.

A Kano rigimar ta gida uku ce. Akwai dattawan da suka tashi da Latin, waɗanda in ba a yi Kyrie da Credo ba, wato roƙon jinƙai da shaidar bangaskiya, sai su ga kamar ba su je coci ba. Akwai mutanen Misar Hausa, da tulu da ganga da kacau-kacau na Zumuntar Mata. Sai samari masu kibod da jita. Kowane gida yana da hujjarsa a rubuce. Ranar 22 ga Nuwamba 1903, ranar bikin Sisiliya mai tsarki wadda mawaƙa ke riƙo da ita, Paparoma Pius na 10 ya fitar da doka kan kiɗan ibada, ya hana piyano da ganga da sauran kayan bugawa masu ƙara. Da wannan doka su Fada na farko suka yi aiki a Arewa, shi ya sa iyayenmu suka san harmoniya mai feda kaɗai. Ranar 4 ga Disamba 1963 babban taron Vatikan na biyu ya fitar da kundinsa na tsarin ibada. Sashe na 116 ya bar wa waƙar Gregori, wato tsohuwar waƙar Latin mai murya ɗaya, kujerar gaba. Na 119 ya ce a ƙasashen mishan, inda mutane ke da kiɗansu na gado, a girmama shi a ba shi gurbi. Na 120 ya ɗaukaka ogan mai bututu, sannan ya buɗe ƙofa ga sauran kayan kiɗa idan hukumar coci ta yarda kuma sun dace da ibada. Kowa ya haddace sashen da ya yi masa daɗi, ya tsallake biyun.

Abin da kusan babu mai karantawa shi ne umarnin da Rum ta fitar a 1967, wanda ya jera abin da za a fara rerawa. Matakin farko shi ne gaisuwar Fada da amsar jama'a, da addu'o'insa, da gabatarwar babbar addu'ar godiya tare da Mai Tsarki, da Ubanmu. Na biyu shi ne roƙon jinƙai, da Ɗaukaka, da shaidar bangaskiya, da Ɗan Rago na Allah. Waƙar shiga da ta baiko da ta karɓar Jibi su ne na uku. Mu kuwa mun juya tsarin. Kwaya za ta kwashe mako tana gyaran waƙar baiko mai murya huɗu, ranar Lahadi Fada ya rera "Ubangiji ya kasance tare da ku", amsa ta fito a wargaje, kowa da nasa sautin. A gwajin waƙa na kowane mako a ware minti goma na farko don waɗannan gajerun amsoshi, ba tare da an taɓa kayan kiɗa ba.

Yanzu ga inda aikin yake da wuya, wato ɗora kalmomin Hausa a kan kari. Hausa tana da gaɓa mai nauyi da mai sauƙi, tana da sauti sama da ƙasa. Duk wanda ya ɗauko karin waƙar Turanci ko ta Ibo ya cusa mata Hausa ba tare da lura da wannan ba, zai ja gaɓar da ya kamata ta wuce da sauri, ya daddatse mai tsawo. A sunan Ubangiji, "ban" da "ji" su ne masu nauyi, "U" da "gi" masu sauƙi. Karin aro yakan zauna daram a kan "gi", tsohuwa da ke kujerar baya ta ji sunan ya zama baƙo a kunnenta, ta rufe bakinta. Hanyar da ke aiki ita ce a rubuta layin, a faɗe shi da ƙarfi sau da yawa kamar ana sanarwa, a ja layi ƙarƙashin kowace gaɓa mai nauyi, a lura da inda murya ke hawa da sauka da kanta. Kari ya bi wannan sawun. Zancen Hausa yana farawa sama ya gangaro, saboda haka layin waƙa ma ya fara sama ya sauko, amshi ya ɗauke shi daga ƙasa. Amshi kada ya wuce abin da mutum zai riƙe bayan ji biyu.

Yawancin karinmu na gida a kan sauti biyar suke tafiya: do, re, mi, so, la. Da zarar mai koyarwa ya cusa fa da ti don alto da teno su sami abin yi, ɗanɗanon ya tafi, waƙar ta koma irin ta littafin Turawa. Irin wannan waƙa murya ɗaya take so, maza a ƙasa mata a sama, in ya so bes ya riƙe do da so. Tsayin murya kuma, jama'a suna sakewa ne daga do na tsakiya zuwa re na sama. A Misar asuba, musamman Disamba da Janairu da ƙura ta shaƙe maƙogwaro, a sauke kowace waƙa da sauti ɗaya. 'Yan sufurano za su yi ƙorafi cewa ba a jin kyan muryarsu. A bar su su yi.

Ko da Kano ta zama cikakkiyar dayosis a 1999, a hannun Bishop Patrick Sheehan, kibod ya riga ya shiga kusan kowace majami'a, kuma a cikin waɗannan shekarun ne aka yi mana abin da har gobe ban huce ba. A wata majami'a da ba zan kira sunanta ba, ranar da aka sayo sabon kibod, kwamiti ya sa aka kwashe tulunan mata aka kulle a sito, wai an ci gaba. Matan da suka riƙe waƙar wannan coci tun ana zama a kan benci na ƙasa suka koma 'yan kallo. Ban taɓa ƙin kibod ba, na koyar da yara da yawa a kansa. Abin da na ƙi shi ne a sayo bara a kori maigida.

Laifin kibod ba boyayye ba ne, kuma duk yana da magani. Na farko shi ne kiɗan da injin ke yi da kansa. Yaro zai danna maɓalli, ganga da bes su tashi, su yi ta gudu a ma'auni ɗaya. Inji ba ya numfashi, jama'a kuwa suna jan numfashi a ƙarshen kowane layi, sai su rinƙa makara har su haƙura. Ga shi yawancin waƙoƙinmu a kan bugu shida suke, yaron kuma ya saba da bugu huɗu na hailaif, sai ya tilasta wa waƙar shiga rigar da ba tata ba. A kashe wannan maɓalli tun daga waƙar shiga har zuwa sallama. Na biyu, maɓallin ɗaga sauti. Za a ɗaga shi hawa biyu don waƙar baiko a manta, Fada ya rera gabatarwa a sautinsa, Mai Tsarki ta faɗo a wani wuri dabam. A mayar da shi sifiri bayan kowace waƙa, a ba Fada sautinsa a hankali kafin ya fara. Na uku, hannu ya sauka daga kibod duk lokacin da Fada ke faɗin addu'arsa, balle a lokacin tsarkake gurasa da ruwan inabi. Doka ce a rubuce, kuma wannan kiɗan sanyi da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin addu'a daga majami'un da ba namu ba aka kwaso shi. Na huɗu, wuta. Kwayar da ta jingina da kibod, ana ɗauke wuta take rushewa kafin a tada janareta. Kowace waƙa a rera ta sau ɗaya a gwaji babu komai a jone.

Sai ƙarar sifika. A sa sifika gaba da makirufo, tana kallon jama'a, in ba haka ba ƙarar ta koma ciki ta yi wannan ihun mai tsaga kunne. A tura mutum ya tsaya a ƙofar baya. In ba ya jin muryar na kusa da shi, a rage. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, don haka a cocin da tsawonsa ya kai mita 34 na baya yana jin bugu bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, muryarsa kuma ta sake ɗaukar haka kafin ta iso gaba. Mai kiɗan da ke jiran na baya zai yi ta ja har waƙar ta kwanta. Ya bi hannun mai jagora kawai.

Kada masu ganga su ce na tsaya musu, su ma suna da nasu. Tulu shi ne mafi aminci a cikin kayanmu, domin sautinsa yana ƙasa da muryar mutum, ba ya danne kalma. Wajen saye a ƙwanƙwasa shi da yatsa, in ya yi gum ba amo akwai tsaga. A ɗora shi a kan gammo, a buga bakinsa da soso mai kauri da aka naɗe da ƙyalle. Biyu sun isa, babba da ƙarami, in sautin ya yi ƙasa da yawa a zuba ruwa kaɗan ya ɗaga. Kacau-kacau biyu, ƙarfe ɗaya mai riƙe ma'auni. Matsalar ita ce kowace mace tana son abu a hannu, sai ka ga kacau-kacau goma, baitin waƙa ya nutse. Ganga kuma fatarta tana ɗaurewa a hunturu har ta tsage, tana saki da damina, saboda haka a rataye ta nesa da ƙasa da taga, a shafa wa tsarkiyar kalangu ɗan mai kada ta bushe ta tsinke ana tsakiyar ibada.

Kalangu sai an yi hattara, don yana magana. Bakano yana jin abin da yake faɗa. Makaɗin da hannunsa ya saba da taken mahauta ko kiɗan 'yan mata zai zame can ba da niyya ba, ka ga mutane suna kallon juna a gaban bagadi. Sharaɗin shi ne ya faɗi kalmomin amshi kaɗai. Goge da garaya kuwa, dattawanmu da suka fito daga gidajen Maguzawa su ne na farko da suka ce a'a, domin sun san abin da ake kira da su a fagen bori, kuma umarnin 1967 ma ya ce kayan da jama'a suka sani da shagalin duniya kaɗai a nisanta su. Wataƙila jikokinsu su ji dabam, amma ban ga dalilin tayar wa tsoho abin da ya baro ba. Kakaki da tambari na sarki ne, a garin nan ba abin da ake ɗauka da wasa ba ne. Baba Katikis ya ce bara mai hankali ya san ɗakin da ba a shiga.

Latin ɗin ma ina so a riƙe. Wasulanta biyar irin namu ne, bakin Bahaushe ba ya shan wahala da su, kuma wanda ya tashi a Kano yana jin kiran salla kowace asuba ba sai an koya masa cewa murya tana iya tafiya ba ganga ba. A babban taro a katidiral na Fatima, inda Ibo da Tibi da Idoma da Yarbawa da mutanen kudancin Kaduna da mu muke haɗuwa, Sanctus da Agnus Dei da Pater Noster, wato Mai Tsarki da Ɗan Rago na Allah da Ubanmu, su ne abin da kowa zai buɗe baki a kai. Kuskuren da ake yi shi ne jan ta kamar ana rakiyar gawa, ko a sa mata bugu. A rera ta da saurin magana mai natsuwa, layi ɗaya numfashi ɗaya.

Kalandar coci ita kanta ta raba gardamar, in da za a bi ta. A makonni huɗu na jiran Kirsimeti ana rage kiɗa, ba a yin Ɗaukaka ranar Lahadi. A lokacin azumi babu Halleluya, kayan kiɗa kuma don tallafa wa murya kawai, ban da Lahadi ta huɗu da manyan bukukuwa. Daga Ɗaukaka ta daren Alhamis Mai Tsarki ƙararrawa take yin shiru sai daren Ista. Wanda ya buge ganga iyakar ƙarfinsa tun Larabar Toka, me ya rage masa a daren tashin Almasihu? Kalmomin Ɗaukaka da na Mai Tsarki ba a musanya su da wata waƙar yabo komai daɗinta. Waƙar shiga ta tsaya in Fada ya isa kujerarsa, ko da saura baiti uku. Ɗan Rago na Allah a maimaita har a gama gutsura gurasa, a rufe da roƙon salama. Rawa da guɗa suna da wurinsu a jerin baiko da godiyar kaka da fita, a nan a saki ganga da jita duka, ni ma ƙafata ba ta zama.

Tulunan matan nan da aka kulle kuwa, da kibod ɗin ya ƙone saboda an ƙi sayen sitabilaiza, aka je aka buɗe sito. An jibga musu kujeru da buhunan siminti, babu ko ɗaya mai amo. Matan ne suka sake yin karo-karo suka sayo wasu daga wajen magina, kuma har yau babu ɗan kwamitin da ya je ya ce musu Mama ku yi haƙuri.