Yadda muke yanka hoton ƙauye da tsofaffin motoci don wasan haɗawa

A cikin duk hotunan da muke yankawa gutsi-gutsi don a haɗa, babu wanda ya kai na ƙauyen zamanin da samun masu saye: ranar cin kasuwa, ga akori-kura an yi mata lodi har sama, ga mai keken Rali, ga jakai da mangala, can nesa kuma jirgin ƙasa na tuƙa hayaƙi. Ba mu muka fara ba. Tun wajen 1760 wani mai zanen taswira a Landan, John Spilsbury, ya riƙa manna taswira a katako yana yankawa don koyar da yara, kuma har gobe kamfanoni irin su Gibsons a Ingila suna cin kasuwa da hotunan ƙauyukansu da tsofaffin bas-bas. Namu dai ƙauyen namu ne, masu sayensa kuma galibi manya ne da suka ga zamanin da idonsu.

Shi ya sa rabin aikin yana wurin mai zane. Dattijon da ya hau waɗannan motoci ba ya yafe kuskure. Idan hoton na shekarun 1960 ne, dole motoci su bi hannun hagu, sitiyari kuma a dama, domin sai ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Idan an rubuta farashi a allon mai shayi, fam da sule za a sa, naira ba ta zo ba sai Janairun 1973. Fijo 504 ba ta da wuri a hoton zamanin samun 'yancin kai, tunda sai 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, a Kaduna kuwa sai 1975 aka fara harhaɗa Fijo. Jirgin ƙasa ba shi da wannan matsala, layin dogo ya iso Kano tun 1911. Dalar gyaɗa ma masu zane na son cusa ta ko'ina, alhali wurinta kusa da layin dogo ne inda ake lodi, ba bayan rumbun wani a ƙauye ba.

Bayan gaskiyar tarihi sai cikar hoto. Abin da ya yi kyau a bango ba lalle ya yi daɗin haɗawa ba. Sararin sama fetal ko filin yashi mai launi ɗaya yakan zama ƙwaya hamsin masu kama da juna, mai wasa ya gaji ya tura kwalin ƙarƙashin gado. Mukan ce wa mai zane kada sama ta wuce kashi ɗaya cikin biyar, ita ma a karya ta da reshen kuka, shirwa, ko hayaƙin jirgi. Katangar ƙasa a yi mata zane da zankwaye, jikin mota a yi masa rubutu irin na direbobin da, zannuwan mata kowanne da launinsa. Ƙa'idar ita ce kowace ƙwaya ta ɗauki wata alama da za ta nuna inda ta fito.

Girman da ya fi mana sauƙi shi ne A3, wato santimita 42 da kusan 30, a yanka shi layi 20 a tsaye, 15 a kwance, ƙwaya 300 ke nan, kowacce wajen santimita 2. Hoton da za a buga ya kai ɗigo 300 a kowane inci, kimanin 4,960 da 3,500. Wanda aka turo ta WhatsApp ba ya yi, an riga an matse shi, fuskoki za su fito a dagule. Manyan kamfanoni masu ƙwaya 1,000 kwali mai kaurin kusan milimita 2 suke amfani da shi, su danna masa wuƙar ƙarfe da injin matsi. Wannan wuƙa tana da tsada, sai mai buga dubbai. Ƙaramin shago injin leza mai yanka da haske ya fi masa, da allon MDF, wato na garin katako da aka matse, ko filawud mai kaurin milimita 3.

A takarda ake bugawa, ba a sitikar roba irin ta allunan talla ba. Yawancin sitikar nan da wata irin roba mai suna PVC ake yin ta, in leza ta ƙona ta sai ta fitar da hayaƙi mai guba da ke cutar da huhu, ya kuma cinye ƙarfen injin da tsatsa. Takardar a rufe ta da leda marar ƙyalli wadda ba PVC ba, don mai ƙyalli tana haske ido a ƙarƙashin ƙwan lantarki, da dare kuwa aka fi yin wasan.

Manni ne ke kayar da sababbin shiga. Farin gam na kafintoci yana da ruwa a ciki, in aka shafa a fuska ɗaya kawai allon zai lanƙwashe yana bushewa, musamman da hunturu. Maganinsa a shafa siriri da rola, a manna farar takarda a bayan allon ita ma don jan ya daidaita, a danne da nauyi kwana ɗaya cur. Da damina a ƙara masa lokaci. Duk inda gam bai taɓa ba, nan hoton zai ɗaye daga kunnen ƙwaya, wato ɗan tsinin da ke shiga jikin ta kusa da ita, bayan an haɗa sau biyu ko uku, kuma ba ya gyaruwa.

Kafin yanka a lulluɓe fuskar hoton da tef ɗin takarda, in ba haka ba hayaƙi zai bar baƙin tabo a gefen kowace ƙwaya. Leza tana cin kamar milimita 0.1 zuwa 0.2 a duk layi, to in saitin haskenta ya kauce sai layin ya yi faɗi, ƙwayoyi su yi sako-sako ba sa riƙe juna. A gwada a guntun allo tukuna. Wuyan kunne kada ya gaza milimita 4, siriri yana karyewa. Kunnuwan kuma a bambanta su, don in duk iri ɗaya ne ƙwaya za ta shiga gurbin da ba nata ba, mai wasa ya zo ƙarshe ya tarar saura biyu sun ƙi zama.

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne ƙwaya ɗaya ta ɓata. Saboda haka ba a wargaza hoto a kan injin. A zame shi ɗungurungum a kan faranti mai baki, a ɓare tef, a goge toka da busasshen ƙyalle, a duba babu gurbi, sannan a wargaza shi kai tsaye cikin jakar leda a liƙe bakinta nan take. A kwali a buga cikakken hoton, girmansa da yawan ƙwayoyi, da gargaɗin cewa ba na yara 'yan ƙasa da shekara 3 ba ne, don suna iya haɗiyewa. Fayil ɗin yankan kowane hoto a adana shi da lambar da aka rubuta a gindin kwalin, da ita ake sake yanko ƙwaya ɗaya tak idan mai saye ya dawo.