Wata tara a Guangzhou, wata uku a Aboabo

Tun da na dawo Kumasi jinyar mahaifiyata, da wuya mako ya wuce wani matashi bai tare ni a ƙofar masallaci a unguwar Aboabo ko a Suame Magazine, kasuwar gyaran motoci, ya ce, "Yaya, ashe idan mutum ya auri 'yar ƙasar Sin shi ke nan ya samu takardar zama?" Tambayar tana damuna, domin da wannan zaton na shiga lamarin, kuma na ga ƙannenmu suna shirin shiga da shi.

Cinikin kayan gyaran mota ne ya kai ni Guangzhou, birnin kasuwanci a kudancin Sin, a can kuma na haɗu da maiɗakina, Musulma 'yar ƙabilar Hui daga yankin Ningxia. Liman ya ɗaura mana aure a shekarar 2017 a gaban waliyyinta da shaidu, amma hukumar Sin ba ta san da wannan ɗaurin aure ba sai ranar da muka yi rajista a ofishin harkokin jama'a, aka ba kowannenmu ɗan jan littafi mai hotonmu tare. Kafin nan sai da na kawo shaidar cewa ba ni da wata mata, wadda ma'aikatar harkokin wajen Gana ta buga wa hatimi, ofishin jakadancin Sin da ke Accra ya tabbatar, sannan aka fassara ta zuwa Sinanci. Dokar Sin mace ɗaya ta sani. Duk mai iyali a Zango da yake tunanin ƙarawa a can, ya sani ƙofar nan a rufe take, kuma ɓoye gaskiya a takardar rantsuwa zalunci ne ga matan biyu tun kafin a kai ga maganar hukuma.

Jan littafin nan shaidar aure ne kawai, ba izinin zama ba ne. Abin da yake ba mutum shi ne damar neman bizar iyali, wadda iri biyu ce a ƙarƙashin dokar shige da fice da ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2013. Akwai Q2 ta ziyarar da ba ta wuce kwana 180 ba, akwai kuma Q1 ta wanda zai daɗe, kuma shi dole ne cikin kwana 30 da shigarsa ya je ofishin shige da fice na 'yan sanda a mayar masa da ita izinin zama. Wanda ya sauka a gida maimakon otal, sai ya yi rajista wurin 'yan sandan unguwa cikin awa 24, wanda kuma ya bari wa'adinsa ya wuce ana iya cin sa tarar yuan 500 a kowace rana, har ta kai yuan 10,000.

Shekarun farko ban damu da izinin zama ba, domin bizar ziyara tana isata in shiga in fita da kaya. A ƙarshen Maris na 2020 ne na gane bambancin. Ina Kumasi lokacin da Sin ta dakatar da shigar baƙi saboda annobar korona, har da masu biza da masu izinin zama, amma dakatarwar ba ta shafi masu katin zama na dindindin ba. 'Yarmu tana rarrafe na bar ta, ban sake ɗaukarta ba sai da ta iya ƙirga ɗaya zuwa goma da Sinanci. Tun daga nan na ƙudura cewa sai na nemi katin nan, kuma a 2023 na shiga da Q1.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne izinin zaman iyali bai halatta wa mutum yin aiki ba. Magidanci yana da ƙarfinsa da sana'arsa, yana zaune da matarsa bisa doka, amma idan ya karɓi aikin albashi ba tare da takardar izinin aiki ba ya karya doka, kuma ana iya korarsa. Mu da aka rene mu a kan cewa ci da sha da sutura haƙƙin miji ne, wannan sharaɗi yana taɓa mutunci. Na san 'yan'uwa a unguwar Xiaobei ta Guangzhou da suke zaune cikin fargaba saboda shi, suna taya mata tsaron shago suna waige-waige. A ganina ƙasar da ta yarda mutum ya zauna da iyalinsa ya kamata ta yarda ya ciyar da su da guminsa. Ni dai abin da ya rufa mini asiri shi ne shagonmu na Suame, wanda ƙanena yake riƙe da shi yana aiko mini da rabona.

Katin dindindin, wanda aka fitar da sabon samfurinsa mai taurari biyar ranar 1 ga Disambar 2023, shi ne yake ɗage wannan takunkumi. Mai shi yana aiki ba tare da wani izini ba, yana shiga ƙasar ba tare da biza ba, kuma na babban mutum shekara 10 yake yi kafin a sabunta. Sai dai ƙa'idojin 2004 sun gindaya wa mijin ko matar ɗan ƙasa sharuɗɗa: aure ya cika shekara 5, a zauna a Sin shekara 5 a jere, kowace shekara kada zaman ya gaza wata 9, sannan a nuna tsayayyen abin dogaro da wurin zama. Ana kuma neman shaidar lafiya da ta rashin aikata laifi, wadda mu 'yan Gana muke karɓa daga hedikwatar 'yan sandan ciki a Accra. Bayan an miƙa komai hukuma tana da wata 6 ta yanke hukunci, kuma cika sharuɗɗa ba alkawarin samu ba ne.

Wata 9 a takarda ba komai ba ne, amma ga ɗan Zango yana nufin wata 3 kacal ya rage masa a shekara, a cikinsu zai yi azumi ko Sallah da iyaye, ya halarci suna da biki, ya yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu yana nesa, ya kuma duba shago. Na riƙe lissafin nan shekara biyu, ina rubuta ranar fita da ranar shiga a bayan wani littafi, domin hatiman fasfo ne za su yi mini shaida. Da Mma ta kwanta ciwo na zo da niyyar mako shida. Ranar da wata uku suka cika, tana kwance ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, koma wurin iyalinka, ƙannenka sun ishe ni." Na ce, "Mma, takarda ce, ana iya sake ta." Na kira maiɗakina a daren na gaya mata, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce da mahaifiyarta ce ita ma ba za ta taso ba. Yanzu wata na biyar ke nan, shekarun nan biyu sun zube, kuma duk ranar da na koma daga ɗaya zan faro.

Wasu suna ce mini me zai hana in nemi zama ɗan ƙasar gaba ɗaya in huta. Dokar Gana ta shekarar 2000 ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu, amma dokar Sin ta 1980 ba ta yarda ba, wanda duk ya zama ɗan Sin sai ya ajiye ƙasarsa ta asali, ni kuwa ba zan yarda in nemi biza kafin in ziyarci kabarin mahaifina a Tafo ba. 'Yarmu ma, da yake a can aka haife ta kuma uwarta 'yar ƙasa ce, Sin tana ɗaukarta tata ce ita kaɗai, sunanta yana cikin littafin rajistar gida da suke kira hukou, wanda da shi take shiga makarantar gwamnati. Da fasfon Sin take tafiya, saboda haka a makon nan nake haɗa takardar gayyata da za a kai ofishin jakadancin Gana, a nema mata biza ita da uwarta su zo su ga Mma a hutun makaranta.