Ido uku a kan kyamara ɗaya

Maigidan da ya koya mani ɗaukar hoto a Yamai ne ya jawo wannan gwaji. Ya ji ina neman sayen idon kyamara, wanda muke kira objektif, irin wanda ba ya saita kansa sai ka murza da hannu. Sai ya buɗe akwati ya fito da Zeiss Otus 55mm f/1.4, ya ce, "Ɗana, riƙe shi sati biyu. Kada ka sayi komai sai kafaɗarka ta ba ka shawara."

Ina da tsohon Nikkor 50mm f/1.2 da na saya na hannu, samfurin da Nikon ta fitar a 1981. Wani abokin sana'a kuma ya ara mani Voigtländer APO-Lanthar 50mm f/2 da yake son sayarwa. Sunan na Turai ne, amma kamfanin Cosina ne ke ƙera shi a Japan, kamar yadda yake ƙera Otus ɗin. Duka ukun na gwada su a kan kyamarar Sony A7 III. Otus da Nikkor sai da zoben haɗi, Voigtländer kuwa kai tsaye yake zama.

Na fara da gidan tarihi na Boubou Hama, wajen maƙeran azurfa. Azurfa ba ta rufa wa ido asiri. Wani dattijo yana goge ɗan kunne, rana ta faɗo ta ramin rumfa ta sauka a kan ƙarfen. Da na buɗe ƙofar hasken Nikkor gaba ɗaya, wato f/1.2 (ƙaramar lamba, babbar ƙofa), sai bakin azurfar ya yi wani shunayya-shunayya, hoton kuma ya yi laushi kamar an hura masa tururi. Sai na rage zuwa f/2 kafin ya dawo hayyacinsa. Otus a f/1.4 kuwa, subhanallahi. Tsagin fatar yatsun dattijon, garin azurfa a ƙarƙashin farcensa, komai ya fito tsaf, babu launin da ya yi kutse. Zoben saitinsa yana da nisan murzawa, ya fi rabin zagaye sosai, saboda haka kana iya matsar da saiti kamar gashi ɗaya. Na daɗe ina kallon hoton nan a kwamfuta, raina cike da sha'awa.

Amma nauyinsa ya kusa kilo guda, kuma lokacin da ya fito a 2013 kuɗinsa ya kusa dala 4000. Yini ɗaya na yi da shi a wuya daga kasuwar Katako zuwa Babbar Kasuwa, na kwana ina jin wuyana. Ga girma, mutane suna hango ka daga nesa, kowa ya gyara tsayuwa, abin da kake so ka kama ya wuce. APO-Lanthar bai kai rabin wannan nauyi ba. Da ka taɓa zobensa, kyamara ta ƙara girman abin da kake dubawa don ka tabbatar da saiti, domin akwai hanyar lantarki tsakaninsu. A kan azurfa ban iya raba hotonsa da na Otus ba sai na ƙura ido ƙwarai.

Kurakurai biyu sun yi mani ciwo. Na farko a bakin kogi, kusa da Gadar Kennedy, da hazon hunturu. Na canza ido a fili, iska tana kaɗawa, ƙura ta shige ciki. Duk hoton kwale-kwalen da na ɗauka a f/8 ya fito da ɗigo-ɗigo a sararin sama. Tun ranar ba na canza ido sai cikin mota ko ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Na biyu a bikin sunan ɗan ƙanwata. Na sa Nikkor a f/1.2 ina son bayan hoto ya narke. A tazarar mita ɗaya, abin da ke fita sarai bai wuce santimita 3 ba. Mai jego ta ɗan motsa, saiti ya tashi daga idonta ya koma kan hanci. Ga shi zoben Nikon yana juyawa akasin wanda hannuna ya fara sabawa da shi a kwanakin. Wannan lokacin ba ya dawowa, kuma har yau ina jin nauyin ƙanwata.

Yanzu idan mutane ne a gabana, f/2 ko f/2.8 nake tsayawa. Ina saita wurin da na san mutum zai iso, in jira shi, maimakon in bi shi da murzawa.

Na mayar wa maigida Otus a naɗe cikin rawani. Ya ce, "To, me ka gani?" Na ce, "Baba, ya fi su duka gani, amma ba zan iya yawo da shi ba." Ya gyaɗa kai ya mayar cikin akwati. APO-Lanthar na saya, na biya rabi, sauran sai bayan bukukuwan salla. Nikkor kuma ban sayar ba. Laushinsa yana yi wa fuskar tsofaffi kyau da yamma, idan rana ta yi ja a kan kogi.